Muhammadu Bakatsine, Malamin Hisabi da Ya Rasu a Alƙahira

A garin Wudil, inda Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano ta fara karatu cikin 2001, wadda kuma aka raɗa wa sunan Aliko Ɗangote cikin 2022, akwai samari da 'yan mata da ake shiryawa domin su koma makarantun sakandare su koyar da lissafi. Aiki ne mai wuya, domin yawancin yaran da za su tarar a aji sun riga sun sa wa ransu cewa lissafi baƙo ne, Turawa suka zo da shi, ba kuma kowane kai yake shiga ba. To, ya kamata malamin da zai fuskanci irin waɗannan yara ya san labarin wani mutumin ƙasar nan wanda ya koyar da hisabi a Masar shekaru fiye da 160 kafin Turawa su ci Kano.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace ne, Larabawa kuwa suna kiransa Alkashnawi, watau Bakatsine. Ya tashi ne a zamanin da Katsina take cike da malamai da fatake, bayan Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani sun shuɗe sun bar birnin da suna wajen ilmi. Bai tsaya ga malaman gida kaɗai ba. Cikin waɗanda ya yi karatu a gabansu akwai Shehu Muhammadu Alwali na ƙasar Bagarmi, da wani malami da ake kira Muhammadu Bindu. Ya karanci nahawu da manɗiƙi, amma fannin da ya fi shahara a kansa shi ne ilmin haruffa da aufaƙi, da sanin taurari.

Wajen 1730 ya kama hanyar gabas, ya sauke farali. Daga Makka ya wuce Alƙahira, a can ne kuma ya ƙare kwanakinsa. Cikin shekarar 1145 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1732 zuwa 1733, ya kammala littafinsa Bahjatul Afaƙ a kan aufaƙi, ba da daɗewa ba kuma ya gama wani mai suna Addurrul Manzum a kan taurari da ɗalasimai.

Mene ne aufaƙi? Shi ne abin da muke kira hatimi, wanda duk wanda ya zauna kusa da malaman zaure ya taɓa gani a kan allo. A zana gidaje 9, uku a tsaye uku a kwance. A jere na sama a sa 4, 9, 2, a na tsakiya 3, 5, 7, a na ƙasa 8, 1, 6. Ko ta ina aka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, 15 za a samu. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne: jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45, in an raba ta gida uku sai a sami 15. Kuma tilas 5 ta zauna a tsakiya. Layuka huɗu ne suke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60 ke nan. Sun taɓa kowane gida sau ɗaya, na tsakiya kuwa sau huɗu. Saboda haka rarar 15 da ke tsakanin 60 da 45 ita ce lambar tsakiya sau uku, watau 5. Yaron aji ɗaya na sakandare zai iya bin wannan hujja, ba tare da ya san cewa aljabara yake yi ba.

Mai gidaje 9 wasan yara ne. Amma in hatimin ya kai gidaje 25, inda kowane layi zai ba da 65, ko 49 mai ba da 175, ko 81 mai ba da 369, to, gwaji da gogewa ba za su fisshe mutum ba, sai da ƙa'ida. A nan ne Malam Muhammadu ya nuna gwanintarsa. Ya tsara hanyoyin cika hatimin da adadin gidajen gefensa mara ne, irin su 3 da 5 da 7, yana nuna inda za a aza lamba ta farko da yadda za a riƙa tafiya daga gida zuwa gida har a cika.

Gaskiya dai, ba don jarrabawa ya rubuta waɗannan littattafai ba. Mutanen zamaninsa sun ɗauki hatimi a matsayin asiri, ana rubuta shi don tsari ko neman biyan bukata, malamai da yawa kuwa sun ƙi wannan fanni, har yau ma ana jayayya a kansa. Wannan magana ce ta malaman addini. Amma lissafin da ke ciki ba ya bukatar kowa ya yi imani da asiri. In ƙa'idar ta yi daidai, kowa ya gwada zai ga ta yi daidai. A ganinmu kuskure ne a jefar da tsabar tare da ƙaiƙayi, musamman a makarantun da ake kukan ƙarancin malaman lissafi da tsoron da yara ke yi masa.

A Alƙahira ya sauka a gidan Shehu Hasan Aljabarti, wanda shi kansa gwani ne a ilmin falaki da hisabi, amma bai ji nauyin ɗaukar karatu daga baƙon da ya fito daga ƙasar Hausa ba. A gidan nan ne ajali ya same shi cikin 1741, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa. Allah ya jiƙansa. Ɗan Shehu Hasan, watau Abdurrahman Aljabarti, wanda aka haifa shekaru fiye da goma bayan rasuwar Malam Muhammadu, shi ne babban marubucin tarihin Masar da ya ba da labarin shigar Faransawa ƙasar cikin 1798, shi ne kuma ya adana mana tarihin wannan Bakatsine a littafinsa Aja'ibul Asar.

Cikin 1973 wata malamar lissafi ta Amurka, Claudia Zaslavsky, ta buga littafi mai suna Africa Counts, ta yi bayanin hanyoyin Malam Muhammadu a ciki, ta dogara da wani rubutun hannu da ke ajiye a London. Ta wannan hanya sunansa ya shiga azuzuwan horar da malamai a ƙasashen waje. Daga Katsina zuwa Wudil kuwa tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota.