Soraya Jimenez: Macen da ta fara kai wa Meziko zinaren Olamfik

Sai a shekarar 2000 aka fara barin mata su shiga wasan ɗaga ƙarfe a gasar Olamfik, a birnin Sidni na ƙasar Ostireliya. A can ne 'yar Nijeriya Ruth Ogbeifo ta samu lambar azurfa a ajin masu nauyin kilo 75, kuma a can ne Soraya Jimenez ta kafa tarihin da har yau ake tunawa da ita a kansa.

An haifi Soraya ranar 5 ga Agusta, 1977, a garin Naucalpan da ke gefen babban birnin Meziko. Ƙwallon kwando ta fara bugawa tana ƙarama, daga baya ta koma ɗaga ƙarfe, a zamanin da ake ganin wannan wasa na maza ne kaɗai. Wani ɗan Bulgeriya, Georgi Koev, shi ya horar da ita har zuwa Sidni.

Ranar 18 ga Satumba, 2000, ta fito a ajin kilo 58. Wadda masana suka fi sa wa rai ita ce Ri Song-hui ta Koriya ta Arewa. Soraya ta ɗaga kilo 95 a fizga ɗaya, sannan a yunƙurinta na ƙarshe ta ɗora kilo 127.5 a kafaɗa ta cilla shi sama, wato fiye da ninki biyu na nauyin jikinta. Jimilla ta tara kilo 222.5, ta zarce abokiyar karawarta da kilo biyu da rabi kacal. Da haka ta zama mace ta farko daga Meziko da ta ci zinare a Olamfik, kuma rabon ƙasar da zinare tun 1984. Kafin gari ya waye, sunanta ya shiga kowane gida.

Sai dai ɗaukakar ba ta daɗe ba. A 2002 aka zarge ta da gabatar da takardun jami'a na bogi domin shiga gasar ɗalibai ta duniya, jaridun da suka yabe ta suka juya mata baya. A 2004 ta ajiye wasa ba tare da ta je Olamfik ta Atina ba, ta koma sharhin wasanni a talabijin.

Jikinta ne ya biya mafi yawan kuɗin wannan suna. An yi mata tiyata a gwiwa fiye da sau goma. A 2007 likitoci suka cire mata huhu ɗaya bayan wata muguwar mura, a 2009 kuma murar aladu ta kwantar da ita har ta yi kwanaki ba ta san inda take ba. Ta rasu ranar 28 ga Maris, 2013, sakamakon bugun zuciya, a gidanta da ke birnin Meziko, tana da shekara 35.