James Watt, Mutumin Da Ya Auna Tururi

A wannan makon mun kawo muku tarihin James Watt, wanda aka haifa a Sikotilan a 1736. Da aka ba shi gyaran wani ƙaramin injin tururi a Jami'ar Gilasgo, sai ya ga tururin yana saurin ƙarewa. Bai tsaya zato ba, ya auna. A lissafinsa, ruwa idan ya zama tururi yana cin wuri kusan ninki 1,800. Shi ya sa idan bututu ya yi ƙanƙanta, tururi ba ya isa inji da ƙarfi. A 1769 ya yi rajistar injinsa mai tattalin kwal. Ya rasu a 1819. Mu duba ƙwan lantarkin gidanmu, harafin W da ke jiki daga sunansa yake.