Sayyida Rabi'atul Adawiyya: Waliyyiyar da Ta Mayar da Sadakin Gwamnan Basra

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waliyyan al'ummarsa.

An haifi Sayyida Rabi'a, Allah Ya ƙara mata yarda, a birnin Basra na ƙasar Iraƙi, tsakanin shekara ta 95 da ta 99 bayan Hijira. Ita ce ta huɗu a cikin 'ya'ya matan mahaifinta, shi ya sa aka raɗa mata wannan suna. Gidansu gidan talauci ne. Shehu Fariduddin Aɗɗar ya kawo a cikin Tazkiratul Auliya cewa daren da aka haife ta ko man fitila babu a ɗakin. Tana ƙarama iyayenta suka rasu, yunwa ta faɗa wa Basra, 'yan'uwanta suka watse, wani azzalumi ya kama ta ya sayar a kan dirhami 6.

A gidan bauta take wuni tana aiki da azumi a bakinta, dare kuma ta raya shi da salla. Wata rana ubangidanta ya farka cikin dare, ya hango ta cikin sujada, ga haske a saman kanta ya cika ɗakin. Tsoro ya kama shi, gari na wayewa ya 'yanta ta. Daga nan ta kama wata 'yar bukka a Basra. Abin da masu ziyara suke tararwa a ciki shi ne tsohuwar tabarma, da tulu mai tsaga, da tubalin da take matashi da shi, da likkafaninta a ajiye inda idonta zai riƙa ganinsa. Duk da haka manyan malamai irin su Imamu Sufyanus Sauri sukan zo su zauna a gabanta suna neman wa'azi.

Da labarinta ya bazu, masu neman aure suka fito. Mafi girmansu a idon duniya shi ne Muhammadu ɗan Sulaimanu Bahashime, gwamnan Basra, ɗan baffan Halifa Mansur. Ruwaya ta nuna ya yi mata tayin sadaki dinari 100,000 tare da kuɗin shiga na kowane wata. Ta mayar masa da amsa a rubuce. Ta tunatar da shi cewa gudun duniya hutu ne ga zuciya da jiki, kwaɗayinta kuma gadon baƙin ciki ne. Ta hore shi da ya yi wa kansa guzuri tun yana raye, kada ya bari magada su raba abin da ya tara. Ta kuma sanar da shi cewa ko da za a ninka mata dukiyarsa, ba za ta so abin da zai ɗauke hankalinta daga Allah ko na ƙiftawar ido ba. Gwamnan ya rasu a shekara ta 173, Halifa Haruna Rashidu ya sa aka kwashe dukiyar da ya bari.

Mutanen Allah ma sun nema. Abu Ɗalibil Makki ya ambaci labarin Abdulwahidi ɗan Zaidu, babban mai zuhudu na Basra, wanda ta ƙaurace masa kwanaki saboda ya yi mata maganar aure, sannan ta yi masa faɗa mai zafi. Akwai kuma ƙissar da ta shahara a bakin masu wa'azi, wadda ake jingina wa Imamu Hasanul Basari, ko da yake shi ya rasu a shekara ta 110, lokacin tana yarinya. A cikinta ta ɗora wa mai nema sharaɗin ya amsa mata tambayoyi huɗu: ko za ta cika da imani, ko za ta iya amsa wa Munkari da Nakiri, da wane hannu za ta karɓi takardarta, kuma cikin wace ƙungiya za a kira ta ranar da za a raba 'yan Aljanna da 'yan wuta. Da ya ce wannan duka gaibu ne, sai ta nuna masa cewa mai ɗauke da damuwa huɗu irin waɗannan ba ta da sauran wurin da za ta sa miji.

A nan ne wasu suke zamewa, su ɗauka waliyyiyar ta raina aure. Aure Sunna ce ta Ma'aiki (S.A.W.), shi ne kuma ya hana Sayyidina Usmanu ɗan Maz'unu yanke kansa daga mata don ibada. Shehu Abdulƙadir Jilani da Shehu Ahmadu Tijjani da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo duk sun yi aure sun haifu. Amma malaman Malikiyya sun bayyana cewa hukuncin aure yana bin halin mutum: asalinsa mustahabbi ne, yakan wajaba a kan mai tsoron faɗawa zina, yakan haramta ga wanda ba ya tsoron haka kuma ya san zai cuci matar. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa fa'idodin aure biyar, ya kuma lissafa illolinsa uku: kasa neman halal, kasa sauke haƙƙin iyali, da shagaltuwa da barin Allah. Wannan ta ukun ce Sayyida Rabi'a ta ji wa kanta tsoro. Ta auna zuciyarta, ta ga son Allah ya cika ta har ba za ta iya ba miji haƙƙinsa ba, sai ta zaɓi kada ta ɗauki amanar da za ta tozarta.

Takwararta ta ƙasar Sham, Rabi'a matar Shehu Ahmadu ɗan Abil Hawari, ta bi wata hanyar. Ita ce da kanta ta nemi ya aure ta, don ta ciyar da shi da 'yan'uwansa sufaye daga dukiyar da ta gada. Littattafan tarihin salihai sun ajiye sunayen su biyun a sahu ɗaya. Haka Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta yi zaman aure mai tsawo da Waziri Giɗaɗo, ta sanya Rabi'atul Adawiyya cikin matan da ta yi tawassuli da su a waƙarta Tawassuli ga Mata Masu Albarka.

Muridin da ke zaune a Gaya ba ya buƙatar a ba shi labarin abin da biki ya zama. Ana tsallakawa zuwa kasuwar Malanbil, ko a nufi Kamba, a ciko akwatunan lefe da atamfa da leshi da shadda. Uban amarya ya sayar da gona don kayan ɗaki, ƙawaye su ci bashin anko, wani auren kuma ya mutu kafin a gama biyan bashinsa. Alhali Ma'aiki (S.A.W.) ya umarci wani sahabi ya nemo ko da zoben ƙarfe ne ya ba da sadaki, ya ce wa Sayyidina Abdurrahmani ɗan Aufu ya yi walima ko da da akuya ɗaya. A gefe guda kuma ga budurwar da aure ya yi wa jinkiri da bazawarar da ta dawo gida, ana binsu da gori da habaici kamar darajarsu a wurin Allah tana rataye da igiyar aure. Tarihin wannan baiwar Allah ya ishi mai gori ya kama bakinsa. Ya kuma ishi mai shirin aure ya zauna da shehinsa ya tambayi kansa, shin wannan auren zai taimake shi a kan salla da wuridi da cin halal, ko kuwa don idon mutane ake yinsa.

Sayyida Rabi'a ta rayu kusan shekara 90, ba miji ba ɗa. Hadimarta Abdatu 'yar Abu Shawwal ta ba da labarin cewa takan sallaci dare duka, sai gab da asuba ta ɗan runtsa, sannan ta zabura tana zargin kanta da yawan barci. Ta yi wasiyya a yi mata likkafani da rigar gashin da take tsayuwar dare da ita, aka kuwa cika mata. Ta rasu a Basra a shekara ta 185 bisa zance mafi shahara, daidai da 801 Miladiyya. Da Imamu Sulami ya zo rubuta littafinsa a kan mata sufaye, da sunanta ya buɗe shi.

Allah Ya ƙara mata yarda, Ya sanya albarka a gidajen ma'aurata, Ya ba masu jira abokan zama na gari, Ya cika zukatan 'yan'uwa da sonSa da son ManzonSa (S.A.W.). Amin.