Thomas Harriot, Masanin Da Bai Ga Littafinsa Ba

An haifi Thomas Harriot a birnin Oxford na ƙasar Ingila wajen 1560, kuma a jami'ar garin ya yi karatu. Da ya gama, Sir Walter Raleigh ya ɗauke shi yana koya wa matuƙan jiragen ruwansa lissafi. A 1585 ya tafi Amurka, har ya koyi harshen mutanen da ya tarar. Cikin Yulin 1609 ya zana surar wata ta madubin hangen nesa, ya riga Galileo da 'yan watanni.

Duk da wannan ilmi, bai buga ko shafi ɗaya na lissafinsa ba har ya rasu a Landan ran 2 ga Yuli, 1621. Sai a 1631 abokansa suka fitar da littafinsa na aljabara, wanda a cikinsa aka fara buga alamar > mai nufin ya fi, da < mai nufin bai kai ba.

Alamomin nan suna da tarko. Lalle 3 ya fi 2, amma −3 bai kai −2 ba, domin mai bashin uku ya fi mai bashin biyu rashi. Saboda haka in an raba −2x > 6 da −2, tilas alamar ta juya, amsa ta zama x < −3.