John Brown da Gidan Makamai na Harpers Ferry

A ƙasar Amurka akwai wani ɗan ƙaramin gari da ake kira Harpers Ferry. Yana gindin duwatsu, daidai inda kogin Shenandoah ya faɗa cikin kogin Potomac. Shugaban ƙasar na farko, George Washington, shi ya zaɓi wurin don a gina maƙerar bindigogi ta gwamnati, gama ƙarfin ruwan kogi ya isa ya juya injuna. Aka fara gini cikin 1799, kafin 1861 an ƙera bindiga fiye da 600,000 a can. Amma ba yawan bindigogin nan ne ya sa garin ya yi suna ba, sai abin da wani dattijo, wai shi John Brown, ya aikata a cikinsa.

An haifi John Brown cikin 1800. Ubansa majemi ne, mai riƙon addinin Kirista ƙwarai, ya kuwa koya wa 'ya'yansa cewa bautar da ɗan Adam zunubi ne. Ku sani, a zamanin nan jihohin kudancin Amurka cike suke da bayi baƙar fata, waɗanda aka kwaso kakanninsu daga Afirka, da yawa daga nan Afirka ta Yamma. Su ke noman auduga da taba. Jihohin arewa kuwa sun rigaya sun hana bauta.

Sa'ad da John ke da shekara goma sha biyu, ubansa ya aike shi ya kora shanu zuwa wani wuri mai nisa. A gidan da ya sauka akwai wani yaro bawa, tsaransa. Maigidan ya girmama John, amma a gaban idonsa ya doki yaron nan da shebur na ƙarfe. John bai manta da wannan ba har ya mutu.

Da ya girma ya taɓa jima, ya taɓa kiwo, ya taɓa fataucin gashin tumaki, duk ba wadda ta karɓe shi. Bashi ya yi masa katutu. Ya yi aure sau biyu, ya haifi 'ya'ya ashirin, da yawansu suka mutu tun suna ƙanana. Duk da talaucin nan, in bawa ya gudo gidansa yakan ɓoye shi, ya ciyar da shi, ya nuna masa hanyar arewa.

Cikin 1855 ya bi 'ya'yansa zuwa Kansas, inda masu son bauta da masu ƙinta ke ta faɗa. A nan ne ya aikata abin da ba shi da kyaun ji. Wata rana da dare, cikin 1856, shi da mutanensa suka fito da mutum biyar na ɓangaren masu son bauta daga gidajensu, suka kashe su, ba alƙali ba shari'a. Ko waɗanda ke yabonsa ba su iya wanke shi daga wannan ba.

Daga nan ya ƙulla babbar niyyarsa. Ya san akwai bindiga wajen 100,000 a ajiye a Harpers Ferry. Ya yi nufin ya kwashe su, ya raba wa bayi, su hau duwatsu, daga can su riƙa 'yanto 'yan'uwansu. Abokinsa Frederick Douglass, wanda shi kansa gudowa ya yi daga bauta, ya gargaɗe shi cewa garin tarko ne, in ya shiga ba zai fita ba. Da gaskiyarsa, gama ruwa da duwatsu sun kewaye garin. John bai ji ba.

Ya tara mutum ashirin da ɗaya, biyar daga cikinsu baƙar fata. Ran 16 ga Oktoba, 1859, da dare, ya shiga garin da goma sha takwas. Suka yanke wayar tangaraho, suka kama masu gadi, gidan makamai ya faɗa hannunsu ba wuya. Abin baƙin ciki, mutum na farko da suka harbe baƙar fata ne, ɗa ba bawa ba, mai aiki a tashar jirgin ƙasa. Sa'an nan John ya yi babban kuskure: ya tsai da wani jirgin ƙasa, daga baya ya bar shi ya wuce. Jirgin ya kai labari gaba.

Gari ya waye, bayin da ya sa rai za su zo da yawa ba su zo ba. Sai mutanen gari da dakarun karkara suka kewaye shi. Tilas ya ja da baya, ya shiga wani ɗan ɗakin bulo da ake ajiye kayan kashe gobara. Ran 18 ga wata da safe sojan gwamnati, ƙarƙashin Kanar Robert Lee, suka fasa ƙofar da tsani, suka sare shi da takobi, suka kama shi. An kashe goma daga cikin mutanensa, har da 'ya'yansa biyu, Oliver da Watson.

To, da a ce ya mutu a ɗakin nan, watakila da an manta da shi. Amma aka kai shi gaban shari'a, yana kwance kan gado saboda rauni. Bai roƙi ahuwa ba, bai nuna tsoro ba. Jaridu suka riƙa buga maganganunsa da wasiƙunsa, jama'a na karantawa. Ran 2 ga Disamba aka rataye shi. A garuruwan arewa aka kaɗa ƙararrawar coci don juyayi. Mutanen kudu da suka ji haka suka husata, suka shiga tara makamai. Ba a cika shekara ɗaya da rabi ba yaƙin basasa ya ɓarke, cikin Afrilu, 1861. Da aka gama shi, cikin 1865, aka hana bauta a Amurka duka, bayi wajen miliyan huɗu suka sami 'yanci.

Gidan makaman kuwa bai kai ƙarshen yaƙin ba. Tun a makon farko sojan gwamnati suka cinna masa wuta don kada bindigogin su faɗa hannun 'yan kudu, su kuma 'yan kudu suka kwashe injunan. Ba a sāke ƙera bindiga a can ba. Ɗan ɗakin bulon nan kaɗai ya tsira. Cikin 1891 aka warware shi aka kai shi birnin Chicago don 'yan kallo, daga baya aka komo da shi. Tun 1968 yana tsaye kusa da wurinsa na asali, baƙi na zuwa suna shiga ciki.