Ferdinand de Saussure (1857–1913): Rayuwarsa da Ra'ayinsa Kan Ma'anar Kalma

An haifi Ferdinand de Saussure a birnin Jeniba na ƙasar Suwizalan, ranar 26 ga Nuwamba, 1857. Gidansu gidan ilimi ne, domin mahaifinsa, Henri de Saussure, masanin ƙwari ne. A 1875 ya fara karatun kimiyya a Jami'ar Jeniba, amma hankalinsa na kan harsuna. Saboda haka a 1876 ya koma Jami'ar Leipzig ta Jamus, wadda a lokacin ita ce cibiyar nazarin tarihin harsuna.

Yana ɗan shekara 21 ya wallafa littafi kan wasulan tsohon harshen da ya haifi galibin harsunan Turai da na arewacin Indiya. A ciki ya nuna cewa lallai akwai wasu sautuka da suka ɓace daga waɗannan harsuna, ko da yake babu rubutun da ya adana su. Hujjarsa ita ce giɓin da ya gani a tsarin wasulan. Sai a 1927, bayan mutuwarsa, Jerzy Kuryłowicz ya gano alamun waɗannan sautuka a harshen Hittiyawa. Saussure ya sami digirinsa na uku a 1880, ya koyar a Paris daga 1881 zuwa 1891, sannan ya koma Jeniba a matsayin farfesa.

Tsakanin 1907 da 1911 ya gabatar da darasin kimiyyar harshe sau uku ga ɗalibai 'yan kaɗan. A nan ne ya bayyana ra'ayoyin da suka zama ginshiƙi ga ilimin ma'ana. Na farko, kalma alama ce mai fuska biyu: surar sautin da ke cikin ƙwaƙwalwa da kuma surar abin da ke zuwa a zuciya. Babu wata alaƙa ta dole tsakanin fuskokin nan. Al'umma ce ta amince da haɗa su. Shi ya sa dabbar da Bahaushe ke kira kare, Balarabe ke ce mata kalb.

Na biyu, kalma tana samun ƙimarta ne daga bambancinta da sauran kalmomin harshenta. Alal misali, Hausa tana da wa da ƙane da ya da ƙanwa, inda Ingilishi ke da kalmomi biyu kacal, ɗaya ta namiji, ɗaya ta mace. Iyakar ma'anar wa tana nan ne saboda akwai ƙane a gefenta. Da ƙane za ta ɓace daga harshen, da ma'anar wa ta faɗaɗa.

Na uku, dangantakar kalmomi iri biyu ce. Akwai ta jere, wato tsakanin kalmomin da suka biyo juna a magana. Ita ce ke sa ma'anar ci ta sauya a cikin ci tuwo, ci amana da ci jarrabawa. Akwai kuma ta tunani, wato tsakanin kalma da 'yan'uwanta da ba a furta ba, kamar yadda koyo ke tuno da koyarwa, makoyi da karatu. Daga wannan ne masana na baya suka gina nazarin rukunin ma'ana, da kusancin ma'ana, da kishiyantaka.

Saussure bai taɓa wallafa waɗannan ra'ayoyi ba, domin bai gamsu cewa sun nuna ba. Ya mutu ranar 22 ga Fabrairu, 1913, yana da shekara 55. Abokan aikinsa biyu, Charles Bally da Albert Sechehaye, su ne suka tattara littattafan rubutun ɗalibansa, suka fitar da Cours de linguistique générale a 1916. Tun da su biyun ba su halarci darussan ba, masana sun daɗe suna muhawara kan abin da ya faɗa da abin da aka ƙara masa. A 1996 aka gano wasu takardu da ya rubuta da hannunsa a gidansu na gado a Jeniba, aka buga su a 2002, kuma da su ake auna littafin 1916 a yau.