Marie Marvingt, matar da ta nace sai jirgin sama ya ɗauki majinyaci

Duk wanda ya zauna a Akokan ya san abin da nisa ke yi wa maras lafiya. Daga Arlit zuwa Agadas kusan kilomita 240 ne, zuwa Yamai kuwa ya haura 1000. Idan ciwo ya gagari asibitin gari, sau da yawa jirgin sama ne kaɗai zai kai mutum cikin lokaci. Cikin waɗanda suka fara fafutukar wannan aiki akwai wata Bafaransa mai suna Marie Marvingt.

An haife ta ran 20 ga Fabrairu 1875 a garin Aurillac. Ta koyi aikin jinya, kuma a 1910 ta samu lasisin tuƙa jirgin sama. A wannan shekara ta kai wa rundunar sojan Faransa shawarar a yi jirgin kwaso sojojin da aka raunata daga fagen daga. Ba a saurare ta ba. A 1912 ta ba kamfanin Deperdussin odar irin wannan jirgi, amma kamfanin ya durƙushe kafin a ƙera shi.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, ta yi shigar maza ta shiga cikin sojan ƙasa har aka gano ta. Ta yi jinyar raunanan sojoji, ta kuma shiga jiragen yaƙi a 1915, abin da ya sa aka ba ta lambar yabon Croix de guerre.

Bayan yaƙi, sojan Faransa suka fara kwashe majinyata da jiragen Breguet 14 a Maroko da Siriya. Marvingt ta lura cewa samun jirgi kaɗai bai isa ba: sai an san inda zai sauka, da wanda zai kula da majinyaci a sama. Ta taimaka wajen shirya taron duniya na farko kan wannan aiki a Paris a 1929. A 1934 ta kafa hidimar ɗaukar marasa lafiya farar hula da jirgi a Maroko. Ta tsara darussan horar da mata masu jinya a cikin jirgi, ta kuma kawo dabarar ɗaura wa jirgi faifan ƙarfe a ƙafa don ya sauka kan rairayin Sahara.

Tsufa bai zaunar da ita ba. A 1961, tana da shekara 86, ta hau keke daga Nancy zuwa Paris. Ta rasu ran 14 ga Disamba 1963 a Laxou, kusa da Nancy, ba tare da ta tara dukiya ba.

Tambayoyin da ta tayar suna nan har yau a arewacin Nijar, musamman tun da Cominak ta rufe mahaƙar Akouta a ƙarshen Maris 2021: wane jirgi ne zai zo, a wane fili zai sauka, wa za a fara ɗauka, kuma wa zai biya?